Kiɗa Huɗu a Faifai Ɗaya: Amsoshin Wasiƙun Masu Karatu

Tun bayan da na ambaci kundin waƙoƙin nan mai suna Revelator a wannan fili, wasiƙu uku suka iso a kansa, biyu daga Jihar Kebbi, ɗaya daga Zamfara. Na taƙaita tambayoyin ba tare da na taɓa ma'anarsu ba.

Tambaya ta farko, daga wani mai karatu a Argungu:

"Assalamu alaikum, Malam. Na sa ƙanena ya saukar mini da faifan nan a waya. Ni mutumin Narambaɗa ne da Ɗanƙwairo, Turancina kuma bai taka kara ya karya ba, amma kukan jitar da ke ciki ya tsaya mini a rai, domin sai na riƙa jin kamar goge ake ja. Ka ce an haɗa kiɗa iri huɗu a ciki, buluz da fonk da gosfel da rok. Shin wannan ba haɗin gambiza ba ne? Kuma me ya sa kunnena ya ji kamar ya san kiɗan tun da can?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Revelator shi ne kundin sutudiyo na farko na ƙungiyar makaɗan Amurka mai suna Tedeschi Trucks Band. Ya fito a shekarar 2011, kuma a 2012 ya samu lambar yabo ta Grammy a rukunin buluz. Mata da miji ne ke jagorantar ƙungiyar, wato Susan Tedeschi mai waƙa da kaɗa jita, da Derek Trucks mai jitar da ta kama maka zuciya. A da kowannensu yana da tasa ƙungiya, sai a 2010 suka haɗa kai suka zama mutum 11: su biyu, da mai jitar bes mai kaurin sauti, da mai fiyano da ogan, da masu ganga biyu, da masu busa uku, da 'yan amshi biyu. A sutudiyon da suka gina a gidansu da ke Jacksonville ta jihar Florida suka ɗauki sautin. Mai busa saksofon a cikinsu sunansa Kebbi Williams, kuma na san wannan suna zai yi wa mutanen Argungu daɗi.

Haɗin gambiza ana faɗarsa ne idan an tara abubuwan da ba su da dangantaka, su kuwa waɗannan kaɗe-kaɗe huɗu 'yan gida ɗaya ne, kakansu ɗaya. Dukkansu sun tsiro ne a cikin baƙaƙen fatar kudancin ƙasar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Buluz shi ne babba a cikinsu. Ya bayyana a ƙarshen ƙarni na 19 a gonakin auduga na yankin kogin Mississippi, waƙar mutum ɗaya ce da jitarsa, yana faɗin talauci da tafiya da rabuwa da masoyi. Tsarinsa mai sauƙi ne: mawaƙi ya faɗi layi, ya maimaita shi, sannan ya kawo layi na uku da zai warware maganar, a tsakanin layukan kuma jita ta ba shi amsa. Gosfel, wato waƙoƙin bishara na cocin baƙaƙen fata, ƙanin buluz ne ko da ya ƙi a faɗa. Thomas Dorsey, wanda ake kira uban gosfel, makaɗin fiyanon buluz ne a farkon rayuwarsa, kuma da ya koma waƙar coci a birnin Chicago ya tafi da salon nan tare da shi, har wasu dattawan coci suka fara ƙin karɓarsa saboda a kunnensu kiɗan gidan rawa ne. A 1954 Ray Charles ya bi hanyar ta baya, ya ɗauki karin waƙar coci ya ɗora masa kalmomin soyayya, shi ma ya sha suka. Aretha Franklin 'yar limamin coci ce a Detroit, kuma a can ta koyi yadda ake ɗaga murya.

Rok ya samo asali ne daga lokacin da aka jona jita da wutar lantarki. Muddy Waters ya bar Mississippi zuwa Chicago a 1943, ya ga cewa jitar katako ba ta iya fin hayaniyar birni, sai ya koma ta lantarki. A tsakiyar shekarun 1950 Chuck Berry da Little Richard suka ƙara wa kiɗan sauri, daga baya samarin Ingila suka ɗauka, har ƙungiyar Rolling Stones ta aro sunanta daga wata waƙar Muddy Waters. Fonk shi ne auta. A tsakiyar shekarun 1960 James Brown, wanda shi ma ya taso da waƙar coci, ya mayar da kowane kayan kiɗa tamkar ganga, ya sa nauyin kiɗa ya riƙa sauka a kan bugun farko na kowane zagaye, ta yadda jita da ƙaho da bes duk gajerun bugu suke yi suna shiga tsakanin juna.

Saboda haka, idan ƙungiya ta haɗa su a faifai ɗaya, zumunci ta sada. Abin da ya sa na yaba wa Revelator shi ne an ba kowane salo aikinsa, ba a bar su suna kokawa ba. Buluz ya ba da zafin murya da kukan jita, gosfel ya ba da ogan da amshi, fonk ya ba da bes da ganga da busa, rok ya ba da ƙarfi a inda ake bukatar waƙa ta tashi. Ka sake sauraron Bound for Glory ka bi ogan da 'yan amshi, sannan ka koma Love Has Something Else to Say ka bi bes da ganguna biyu, za ka ji bambancin da kunnenka, kuma za ka ji cewa muryar mace ɗaya da jitar mutum ɗaya ne suka ɗaure su wuri guda.

Maganar goge kuwa, kunnenka bai yaudare ka ba. Jita tana da ƙananan ƙarafa a jere a wuyanta, su ne ke yanka sauti hawa-hawa, daga wannan mataki sai a tsallaka wancan. Derek Trucks yana sa ƙaramin bututun gilas a yatsarsa ta hagu, yana zame shi a kan tsirkiya ba tare da ya danne ta kan ƙarafan ba, da hannun dama kuma yana tsinkar tsirkiyar da yatsunsa tsirara. Ta haka sauti ke sulalewa daga wuri zuwa wuri ba yankewa, yana rawa, yana lanƙwasa kamar muryar mutum. Wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ya san wannan aiki. Ina yaro na sha tsayawa ina kallon wani mai goge a garinmu yana goga ƙaro a jikin izga, ya ɗan ajiye ƙwaryar a rana don fatar ta ɗaure, sannan ya aza yatsunsa a gefen tsirkiyar izgar doki yana zame su sama da ƙasa. Babu ƙarfen da zai nuna masa inda zai tsaya, kunnensa ne kaɗai jagoransa, kuma shi ya sa goge ke iya yin kuka da magana. Har a Mississippi ma, yara matalauta sun riƙa ɗaure waya guda a jikin katako ko bangon ɗaki suna zame mata kwalba, kuma manyan makaɗan buluz da yawa a nan suka fara. Ƙari a kan haka, buluz an gina shi ne a kan matakan sauti biyar, irin waɗanda waƙoƙinmu na gargajiya da yawa ke tafiya a kansu.

A nan zan ja hankalinka ga abu ɗaya, domin na sha jin ana cewa kai tsaye daga ƙasar Hausa buluz ya fito. Wannan magana ta yi nisa. Bayin da aka kai Arewacin Amurka sun fito ne daga wurare da yawa, tun daga Senegal da Gambiya har zuwa Kongo, Hausawan da aka ƙetarar da su teku kuwa da yawansu Bahia ta ƙasar Brazil aka kai su a farkon ƙarni na 19. Abin da masana irin su Gerhard Kubik suka nuna shi ne salon waƙar buluz ya fi kama da na yankin nan mai faɗi na sahel da ya haɗa da Mali da Nijar da arewacin Najeriya, inda ake waƙa da kayan tsirkiya da murya mai lanƙwasa, fiye da na bakin teku mai manyan ganguna. Akwai kuma dalilin tarihi: bayan tawayen bayi na 1739 a South Carolina ta Amurka, dokar 1740 ta hana su mallakar ganguna, sai kayan tsirkiya da murya da tafi suka ci gaba da rayuwa. Dangantaka ce ta gaskiya, amma ta bi ta hannun mutane da yawa cikin ɗaruruwan shekaru, kuma abin da baƙaƙen Amurka suka ƙera da wahalarsu nasu ne.

Abin da ya fi goge ma kusa da mu shi ne amshi. Kai da ka saba da Musa Ɗanƙwairo ka san yadda yake jefa ɗan waƙa, yaransa su cafe su ƙara a kai, su miƙa wa juna, sannan a koma gindin waƙa tare, kotso na tafiya a ƙarƙashi. Haka limamin cocin baƙaƙen fata ke yi da jama'arsa, haka mawaƙin buluz ke yi da jitarsa, haka James Brown ke yi da masu busarsa. A Revelator sau da yawa Susan ce ke jefa magana, jitar mijinta ta amsa, kuma wannan ne kunnenka ya gane tun kafin a fassara maka kalma ɗaya.

Tambaya ta biyu, daga wata malamar makaranta a Gusau:

"Malam, ina yi maka fatan alheri. Kalmar gosfel ce ta tsayar da ni. Idan an ce faifai yana da gosfel a ciki, shin waƙar ibadar Kirista ce ake nufi? Ina da yara a gida, kuma ba na son in kunna abin da ban san abin da ake faɗa a cikinsa ba."

Malama, tambayarki tana kan hanya. Kalmar tana da fuska biyu. Akwai gosfel a matsayin waƙar ibada, mai kalmomin yabo da addu'a bisa aƙidar Kirista, irin wadda Mahalia Jackson ta yi suna da ita. Akwai kuma gosfel a matsayin salo, wato yadda ake jera muryoyin amshi, da yadda ogan ke kumbura a bayan mawaƙi, da tafi, da yadda waƙa ke farawa a hankali ta riƙa hawa har ta kai ƙololuwa. Masu sharhin kiɗa idan suka ce kundi irin wannan yana da gosfel, ma'ana ta biyu suke nufi. Mafi yawan waƙoƙin Revelator a kan soyayya suke da haƙuri da zaman duniya, ko da yake a wasu wurare an aro kalmomin da suka fito daga bakin mutanen coci, kuma shi kansa sunan kundin, mai nufin mai bayyana abin da ke ɓoye, daga irin wannan harshe yake.

Mu ma a nan mun san yadda salo ke ƙetarawa daga gida zuwa gida. Fiyanon da ake kaɗa wa waƙoƙin fim shi ne wasu masu waƙoƙin bege ke amfani da shi, kuma wanda ya taɓa jin matan zumunta a Zuru suna rera waƙa da Hausa ya san cewa tsarin jagora da amshinsu na ƙasar nan ne. Shawarata ita ce ki yi abin da kika riga kika ƙudura: ki nemo kalmomin waƙoƙin a intanet, ki karanta su da kanki kafin yara su ji. Hukuncin sauraron kiɗa a shari'a kuwa fagen malamai ne, kuma Gusau ba ta rasa waɗanda za ki tambaya ba.

Tambaya ta uku, daga wasu samari a Birnin Kebbi:

"Yallaɓai, mu biyar ne, muna da jita biyu da fiyano da ganga, kuma akwai wani dattijo mai kalangu da ya yarda ya shigo cikinmu. Muna son mu yi kundi irin wannan amma da Hausa. Mun je sutudiyo sau biyu, abin da muka fito da shi bai yi rai ba, ya zama kamar kowace waƙar da ake ji a kasuwa. Ina kuskurenmu?"

Ƙannena, ban ji abin da kuka ɗauka ba, amma na san yadda yawancin sutudiyonmu ke aiki. Ɗaki ne ƙarami mai soso a bango, da kwamfuta da fiyano da makirufo ɗaya. Mai haɗa kiɗa zai fara ɗora ganga daga cikin na'ura, ya ɗora bes da fiyano, sannan a kira mawaƙi ya shiga shi kaɗai, a ƙarshe a gyara masa murya da manhaja har ta miƙe sambal. Wannan hanya ta dace da waƙoƙin nanaye, kuma ta ciyar da mutane da yawa, ba na raina ta. Amma kiɗan da kuke so rayuwarsa tana cikin sauraron juna, mai ganga ya ji numfashin mawaƙi, mai bes ya ji ƙafar mai ganga, a ɗan ja baya tare, a ɗan matsa gaba tare. Na'ura ba ta jan baya, kuma manhajar gyaran murya tana goge lanƙwasar nan da muka ce ita ce zuciyar buluz da ta goge.

Na taɓa zama a wani sutudiyo a Gusau ranar da aka kawo mai kalangu. Aka rataya masa abin sauraro a kunne, na'ura tana ƙirga masa bugu ƙyas-ƙyas, aka ce ya bi. Ya gwada sau uku yana kaucewa, matashin da ke kan kwamfuta yana tsayar da shi. A na huɗu ya cire abin ya ajiye a kan gwiwarsa, ya ce a kira masa mawaƙin ya tsaya a gabansa. Da aka yi haka, ya matse kalangun a hammata, ya saki, ya bi bakin mawaƙin kalma bayan kalma, kuma ɗauka ɗaya aka yi aka gama. Kalangu magana yake yi, kuma mai magana yana bukatar wanda zai yi wa. Don haka ku nemi ɗakin da zai ɗauke ku duka shida, ko da ajin makaranta ne bayan an tashi, ku ajiye janareta nesa da doguwar waya don kada gurnaninsa ya shiga makirufo, ku ɗauki ganga da bes da kalangu da murya a lokaci guda. Amshi da ƙarin jita ana iya ɗora su daga baya. Kada ƙarancin kayan aiki ya karya muku gwiwa, domin a 1973 mawaƙin Ingila Paul McCartney ya ɗauki mafi yawan kundinsa Band on the Run a sutudiyon EMI da ke Legas, da na'ura mai layi 8 kacal.

Abu na biyu ya fi wannan wuya, kuma shi ne inda masu haɗa Hausa da kiɗan waje suka fi faɗuwa. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya hawa da saukar murya ne ya raba su, haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Idan kuka ɗauko karin waƙar Turanci kuka cusa masa kalmomin Hausa, karin zai tilasta wa kalma hawa a inda ya kamata ta sauka, mai sauraro ya ji abin ya yi masa banbaraƙwai ko da bai san dalili ba. Ku rubuta waƙar da Hausa tukuna, ku faɗe ta da baki a gaban dattijonku, ku bar shi ya kaɗa ta a kalangu, sannan mai jita ya kwaikwayi abin da kalangun ya faɗa. Karin da ya fito ta wannan hanya naku ne, kuma a ƙarƙashinsa ne za ku shimfiɗa bes na fonk ko ogan na gosfel. Ku kuma lura da cewa kalangu da bes sukan yi rigima a kan wuri ɗaya, don haka idan kalangu na magana, mai bes ya rage bugu ya bar masa fili.

Kuna da magabata a kusa. Ali Farka Touré na Mali, wanda ya iya jan goge mai tsirkiya ɗaya ban da jita, ya yi kundi tare da Ba'amurke Ry Cooder a 1994 har ya samu Grammy, kuma bai bar harsunan ƙasarsa ba. Bombino na Agadas ya je Nashville ta Amurka ya ɗauki kundinsa na 2013 tare da makaɗi Dan Auerbach, yana waƙa da harshen Buzaye. Fela Kuti ya dawo daga Amurka bayan tafiyarsa ta 1969 da fonk a kunnensa, amma gangar makaɗinsa Tony Allen ce ta mayar da abin na Legas. Ku saurare su, sannan ku saurari Salihu Jankiɗi da Sa'idu Faru da Sani Aliyu Ɗandawo da irin wannan natsuwa, musamman yadda suke tsara amshi, domin ku shida kun isa ku yi jagora da 'yan amshi ba tare da kun ɗauko kowa daga waje ba.

Kafin ku koma sutudiyo, ku kwashe wata uku kuna kaɗa waƙoƙin nan a gaban mutane, a wajen biki ko a tsakar gida, ku ga wadda ke tsayar da masu wucewa da wadda ke sa su hira. Waƙa bakwai ko takwas sun isa kundi na farko. Ku rubuta a takarda wanda ya tsara kowace waƙa da yadda za a raba abin da aka samu, kowa ya sa hannu, kuma sunan dattijon mai kalangu ya fito a jikin faifan tare da naku, da kasonsa a cikin takardar.